Sa Hannun Baba Sumani

"Mayar da biron nan aljihunka," in ji Baba Sumani. "Ban ga komai ba tukuna."

Issoufou ya tsaya a bakin gadon da takarda a hannu. Ɗakin na warin man zafi da kokon da ya huce ba a sha ba. Tsohon ya rame sai idanu, amma muryar tana nan yadda aka san ta a gareji.

Shekara ashirin da biyu Baba Sumani, mutumin Kumasi, ya yi a kamfanin motocin da ke kai marasa lafiya asibiti a Bronx. A kwamfutar ofis kalma ɗaya aka rubuta gefen sunansa: approver. Direbobi suka liƙa masa ita, har yaran benensu na University Heights suna gaishe shi da Baba Approver. Ranar da Issoufou ya fara aiki, yana sabon zuwa daga Maraɗi, ya tambaye shi ma'anarta.

"Wanda ke cewa e, mota ta fita," ya ce masa. "Manaja ke da mota, direba ke da sitiyari. Ni e ɗin ce tawa. In wani abu ya faru a hanya, sunana za a fara nema."

Yanzu ciwon hanta ya kwantar da shi. Kamfanin ya ce Issoufou zai gaje shi, amma sai tsohon ya sa hannu cewa ya amince. In Juma'a ta wuce babu sa hannu, za su ɗauko wani daga waje. Ga shi yau Laraba.

"Baba, shekara tara kana ganin aikina."

"Tuƙinka nake gani. Kawo mota ƙofar gida gobe, ka duba ta a gabana."

Mma Hawawu, matarsa, ta leƙo daga kicin. "Wace ƙofar gida? Kai da banɗaki ma sai an riƙe ka? Sa masa hannu mana, bango ɗaya fa ya raba ku."

"Shi ya sa," in ji tsohon, ya juya musu baya.

Issoufou ya fita ransa a ɓace. Duk ranar da lif, na'urar hawa benen, ya lalace, shi ke hawo musu da buhun shinkafa har hawa na huɗu. Ya so ya faɗi haka, ya haɗiye.

Washegari da hantsi ya kawo mota mai lamba bakwai bakin benen. Mma Hawawu ta turo mijinta a keken marasa lafiya, ta naɗe shi da bargo biyu tana mita. Iskar Nuwamba na kaɗa ledoji a gindin shinge.

"To, bismillah," in ji Baba Sumani.

Issoufou ya zagaya tayoyi, ya taka birki, ya kunna fitilu. Ya sauke na'urar ɗaga keke, ya hau da ita sau biyu. Sannan ya shiga ciki ya durƙusa kan ɗamarun nan huɗu da ke ɗaure keken mara lafiya da ƙasan mota. Direbobi kallonsu kawai suke yi su wuce. Baba Sumani kuwa bai taɓa yarda da ido ba, kife kowace yake yi ya bi cikinta da yatsa. Issoufou ya yi yadda ya saba gani. Uku lafiya lau. A ta huɗu, daidai inda ƙarfe ke cizonta, yatsansa ya faɗa cikin zare. Ta ciki ta cinye kusan rabi, ta sama kuwa sumul.

Wayarsa ta yi ƙara. Manaja ne, da Turancinsa mai sauri: ina motar, ƙarfe sha ɗaya za ta ɗauko mutum uku zuwa wankin ƙoda.

Issoufou ya leƙa waje. Kan tsohon ya langaɓe a kafaɗa, baki a buɗe, barci ya kwashe shi. Ba wanda ya ga ɗamarar. Mai wayar nan kuma shi ne zai karɓi takardarsa gobe.

"Ba za ta fita ba," ya ce. "Tura lamba huɗu."

Manaja ya yi ta faɗa: shi wa, wa ya ba shi wannan iko, ai ko kujerar bai hau ba tukuna. Issoufou ya bar shi ya gama, ya sake cewa ba za ta fita ba. Aka kashe wayar yana magana.

Ya taya Mma Hawawu suka mayar da tsohon gado. Bai farka ba. Takardar na aljihunsa yadda ya sauko da ita, bai ma ambace ta ba.

Bayan la'asar ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. "Zo, shugabanku ya tashi, yana neman wanda zai takura."

Baba Sumani na kwance, idanunsa a rufe. "Wace ɗamara ce?"

Issoufou ya dubi Mma Hawawu. Ta ɗaga kafaɗa. "Ni me na sani a mota? Labarin ihun wayar kawai na ba shi."

"Ta baya, hannun hagu."

"Ta sama ka gani?"

"Ta ciki, Baba. Da yatsa."

"Manaja ya zage ka?"

"Sosai."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Za ka saba. Kawo biron."

Mma Hawawu ta tallafe masa gwiwar hannu, Issoufou ya danne takardar a kan faranti. Sunan harafi shida ne, amma sai da ya huta sau biyu kafin ya kai ƙarshe. Bai bari an riƙe masa yatsu ba.

Ranar Asabar bayan azahar Baba Sumani ya cika. Aka kai shi maƙabarta a New Jersey, direbobi goma sha ɗaya suka bi gawar da rigunan aikinsu.

Litinin da safe motoci shida suka jeru a ƙofar gareji suna jiran e ɗin Issoufou, hayaƙinsu na tashi fari cikin sanyi. Direban gaba ya danna hon sau ɗaya, na bayansa ya taya shi. Manaja na tsaye bayan gilashin ofis yana duba agogo. Daga ƙarƙashin motar farko ba a ganin komai na Issoufou sai takalmansa.