Kafin Siminti Ya Kama

Ranar Juma'a muka sa za a gina kabarin Baba, ba don muna son Juma'ar ba. Lahadi ranar sujada ce, ba mai taɓa cebur. Asabar kuwa Yaya ya ce ko za a yanka shi ba zai kwaɓa siminti ba. Sauran kwanakin yana wurin wani bene da ya karɓi aikinsa, ni kuma ina makaranta ina fama da 'ya'yan mutane. Sai aka tsaya a kan Juma'a da rana, bayan an tashi aiki.

Mu biyu ne wurin Mama, Yaya babba, ni auta. Magini ne kamar Baba, kuma shi ya yi wa majami'armu dakali da matakala ba a ba shi ko sisi ba. Mutum ne da ba ya hayaniya, amma in ya kafe a kan abu, gara ka je ka ture katanga. Watanni kaɗan bayan rasuwar Baba ya haɗu da wani mai aikin wutar lantarki ɗan Adbantis, masu sujada ran Asabar, a wurin gini, mutumin ya riƙa ba shi ƙananan takardu yana karantawa a lokacin hutun rana. Kafin mu ankara Yaya ya daina aiki ranar Asabar, ya fara tambayar naman da aka sa a miya, ya kuma ja mutum goma sha ɗaya daga ikilisiyarmu suna taruwa a ƙarƙashin rumfarsa. Ran Lahadi duk da haka suna zuwa, su zauna a bencin baya na hagu, Fasto yana wa'azi suna buɗe shafuka suna nuna wa juna da yatsa. Dattawa sun kira su sau biyu, an rabu kowa yana cewa zai yi wa ɗan'uwansa addu'a, irin addu'ar da ake faɗa haƙora a cije.

Ni ce nake koyar da yara ran Lahadi, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya ci mini rai. Yaran gidansa ma sun fara gyara mini darasi.

Maganar Asabar da ta nama Mama ta sani, ta ce kowa ya ci abin da cikinsa ya ɗauka. Abu ɗaya ne Yaya bai taɓa bari ya kai kunnenta ba. Su a wurinsu wanda ya mutu barci yake yi, bai san kome ba, ba ya sama ba ya ko'ina, sai ranar tashin matattu. Mama kuwa tun da aka binne Baba, kullum da safe in ta ɗauki tsintsiya sai ta ba shi labari. "Tsoho, famfon nan ya sake ɗiga. Tsoho, jikarka ta yi haƙori." Har faɗa take yi masa a kan ƙofar bayi da ya tafi bai gyara ba, ta yi dariya ita kaɗai. Da wannan hirar ta safe ta miƙe daga ciwon da ya kwantar da ita bayan jana'iza, mu duka mun sani. Shi ya sa Yaya ya ja bakinsa ya yi shiru, ni ma na yi, ko da yake shirun nawa na ajiye makami ne.

Maƙabartar tana bayan wurin masu yankan katako, sai ka bi ta cikin ƙurar zarto kafin ka kai. Mun isa da buhu biyu na siminti da yashi a baro, muka tarar famfon bakin ƙofa ba ko ɗigo. Haka muka yi ta jigilar ruwa a jarka daga wurin masu katako, ni da Yaya, har aka ci mana fiye da awa ɗaya. Mama ta zauna can nesa a gindin bishiya a kan 'yar kujerar da muka kawo mata, tana korar ƙuda da gefen zanenta.

Tun a satin da ya wuce Yaya ya jera bulo ya zuba dutse, saman kawai ya rage. Ya kwaɓa, ya zuba, ya bi da katako ya daidaita, ya shafe da cokalin gini har fuskar ta yi sumul. Sai ya zauna a kan jarka yana jira. Rubutun kabari da ƙusa ake yin sa a kan ɗanyen siminti, kuma yana da lokacinsa. In ka yi gaggawa ruwa bai tsane ba, haruffan su haɗe bakinsu su ɓace. In ka yi jinkiri ya kama, sai dai ka yi ta karce. Tsakanin nan da can bai fi awa guda ba, a rana irin ta ranar ma bai kai ba.

Muna cikin jira Fasto ya iso a kan babur, da takardar abin da za a rubuta a kabarin a aljihun rigarsa. Dattijo ne mai sanyin hali, shi ya yi mana baftisma mu biyu, shi ya binne Baba. Ya je ya durƙusa ya gaida Mama, ya dawo ya miƙa wa Yaya takardar.

Yaya ya danna siminti da babban yatsa, ya ce ya yi. Ya ja igiya ya fitar da layi uku. A na farko ya rubuta sunan Baba, a na biyu shekarar haihuwa da ta rasuwa. Hannun Yaya a rubutu sai ka rantse inji ne, har na ji ƙwalla ta taru mini. Da ya zo layi na uku ya sake duba takardar, ya ɗaga ƙusar.

"Fasto, wannan ba zan iya rubuta shi ba."

"Wanne?"

"Wai yana wurin Ubangiji yanzu. Hannuna ba zai rubuta abin da ban gaskata ba. In kun yarda in sa yana barci har ranar tashi."

Fasto ya cire tabarau ya goge. "Ɗana, mahaifinka shekara arba'in yana dattijo a ikilisiyar nan. Abin da ya gaskata ke nan, a kansa ya mutu. Kabarinsa ne, ba naka ba."

"Hannun kuwa nawa ne."

"To ba ni ƙusar," na ce.

"Ke da ko allon aji in kin rubuta sai yara sun karkata kai? Bari, Auta."

A wata ranar da na yi dariya. Ranar kuwa ji na yi kamar ya watsa mini ruwan zafi. Fasto ya kawo maganar ɓarawon da Ubangiji ya yi wa alkawari a kan gicciye cewa a ranar zai shiga aljanna, Yaya ya kawo ayar da ta ce matattu ba su san kome ba. Fasto ya kawo wata, Yaya ya mayar da biyu. Duka a tsaye a kan Baba, murya ƙasa ƙasa don kada Mama ta ji, kowa yana kiran ɗan'uwansa da ladabi yana soka masa magana. Ni ina kallon simintin yana sauya launi daga gefe, duhunsa yana komawa fari. Rana kuma ta sauka har ta taɓa rufin masu katako.

"Yaya, yana kamawa fa."

"Na gani."

"Kuma rana tana faɗuwa za ka ce Asabar ɗinku ta shiga."

"Haka ne."

Yadda ya faɗi "haka ne" ɗin nan, ba ko ɗar, shi ya ƙarasa ni. Na ce a raina yau sai na karya shi, kuma na san da abin da zan karya shi.

"To mai kabarin ai tana nan. Mijinta ne. Bari a tambaye ta."

Yaya ya miƙe tsaye. "Auta, kar ki yi. Don Allah kar ki yi."

Fasto ma ya ɗaga hannu zai yi magana, amma na riga na ɗaga murya. "Mama! Zo ki ji abin da ɗanki yake so ya rubuta wa Baba."

Ta taso a hankali tana dafa gwiwa, ta zo ta tsaya a gefen kabarin. Mama ba ta karatu, sai ta dubi layukan biyu ta ce sun yi kyau. Na ce wa Yaya ya faɗa mata. Ya kau da kai. Sai na faɗa da bakina, na kuma zaɓi kalmomin da za su fi zafi.

"Cewa yake Baba ba ya sama. Wai yana nan cikin ramin nan bai san kome ba. Duk maganar da kike yi masa da safe, wai iska kike yi wa."

Na zaci za ta juya ta wanke shi tas, ya sunkuya ya rubuta abin da aka ba shi. Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta dube shi ta ce, "Haka ne, Babba?"

"Mama, hutawa yake yi. Ba ya jin ciwo, ba ya jin kewa. Ranar da Ubangiji zai dawo zai tashi, ku ga juna."

"Ba shi na tambaye ka ba. Yana jina?"

Yaya ya dubi ƙusar da ke hannunsa. Ƙarya ɗaya tak ake nema a wurinsa. "A'a, Mama."

Ta gyaɗa kai, ta juya wurin Fasto. Ni har na fara jin daɗi, don na san yanzu za a gyara.

"Fasto, kai fa?"

"Yana wurin Ubangiji, Mama. Wannan ba na shakka a kansa ko kaɗan. Yana cikin farin ciki."

"Na ji. Yana jina?"

Fasto ya gyara zaman tabarau ɗinsa. Shekara nawa ina koyar da yara, ban taɓa tsayawa na yi wa kaina wannan tambayar ba. Na ɗauka in dai yana sama, ai shi ke nan, yana ji.

"Mama," in ji Fasto, "ba a faɗa mana haka ba. Abin da aka koya mana, mu kai kukanmu wurin Ubangiji, shi ne mai ji. Ba zan ce miki abin da ban sani ba."

"To," in ji Mama. "Ashe a nan bakinku ɗaya."

Ta sake duban kabarin, ta gyara ɗaurin zanenta, ta koma gindin bishiyar ta naɗe 'yar kujerarta da kanta.

Injin masu katako ya mutu, wurin ya yi tsit. Yaya ya dubi yamma, rana ta shige. Ya sunkuya ya ajiye ƙusar a kan bulo, ya wanke hannunsa da sauran ruwan jarka. Idonsa ya yi ja, bai dube ni ba.

"Kayan aikin su kwana a nan, zan ɗauke su jibi," ya ce, ya bi bayan Mama.

Na ɗauki ƙusar na durƙusa. Na danna da duk ƙarfina a layi na uku, ban ma san wanne zan rubuta ba. Wani farin karce kawai ta yi, bakin ya ɓantare kaɗan. Fasto ya dafa kafaɗata ya ce in bari kada in ɓata sauran. Ya ninke takardarsa ya mayar aljihu, ya tura babur ɗinsa har bakin ƙofa bai tayar ba.

A hanya Mama tana gaba, Yaya yana bin ta da kujerar, ni ina can baya. Ba wanda ya zage ni. Da ma an zage ni, da na sami abin mayarwa. Kunya ce ta cika ni, da haushin kaina, da haushin mutanen nan biyu da ba wanda ya iya yi wa tsohuwa ƙarya guda ɗaya, da tsoro kuma, don na tuna watannin da ta yi a kwance fuskarta a bango.

Washegari ban jira gari ya gama wayewa ba na tashi, na zauna a bakin gado ina sauraro. Na ji ta buɗe ƙofa. Na ji ta ɗauki tsintsiya ta buga gindinta a tafin hannu kamar kullum. Ta fara shara daga bakin famfo.

"Tsoho, jiya mun je mun..."

Tsintsiyar ta tsaya. Na riƙe numfashi ina roƙon Allah ta ƙarasa, ko da ƙarata za ta kai masa. Can sai sharar ta ci gaba, daga famfo zuwa bakin bayi, daga bayi zuwa ƙofar gida, ba ta sake cewa kome ba.

Na fito na gaishe ta. Ta amsa lafiya lau, ta tambaye ni ko zan sha shayi. Na ce, "Mama, ba ki ƙarasa ba shi labarin ba."

Ta zubar da sharar a kwandon, ta jingina tsintsiyar da bango.

"Ku da kuka yi karatu kun gaya mini," ta ce. "Ɗora ruwan, ni zan ɗan kwanta."