Numfashi a Ƙasan Shafi

Tun da ciwon ƙirji ya taɓa Baba, doguwar magana ta fi ƙarfinsa. Ga shi tsohon ɗan wasa, kuma a sabon fim shi aka ba matsayin mai kwalekwale, wanda zai yi wa kogi bankwana da jawabi mai tsawo. Darakta ya faɗa cikin ladabi: in gobe wurin karatun gwaji numfashi ya sake yanke masa, dole a nemo wani.

Auta, 'yarsa, ita ke buga rubutun fim ɗin. Da la'asar ta zauna gaban kwamfuta, fanka na juyi a kasale, labule na kumbura yana lafawa kamar ƙirjin mai barci. Ta daɗe da lura cewa Baba ba ya tsayawa a aya, don a wurinsa tsayawa gazawa ce. Amma in shafi ya ƙare, sai ya lashi yatsa, ya juya takarda, ya ja iska bai sani ba.

A ƙa'idar aikinta, in maganar mutum za ta tsallaka shafi, ba a yanke ta a tsakiyar jimla. Ana rubuta "akwai saura" a ƙasa, a saman shafi na gaba a maimaita sunan mai maganar, a ƙara "ci gaba". Masu buga rubutu kan guje wa irin wannan yanka. Auta kuwa nemansa ta yi. Ta ƙara girman haruffa, ta buɗa layuka, har jawabin ya bazu, kowane shafi ya ƙare daidai inda ƙirjin Baba ke gajiya.

"Ke Auta, waɗannan haruffa kamar allon talla? Makaho kika mai da ni?"

"Tabaranka ne suka tsufa, Baba, ba kai ba."

"Ja'ira."

Washegari aka kewaye dogon tebur. Baba ya soma, Auta ta lumshe ido. Sai ta ji kamar ƙasan ɗakin ya zama ruwa, kujeru na lilo a hankali, muryarsa na tafe bisa kogin. Ta kusa nutsewa, sai ƙarar takarda, ta taso. Ta sake nisa, takarda ta sake ɗago ta, har ta kai gaɓa.

Baba ya ajiye takardun. Can darakta ya ce, "Baba, a biya wurin tela a auna ka, a ɗinka maka kayan mai kwalekwale."

A hanyar gida suna tafe a inuwar shaguna, Auta ta rage sauri.

"Baba, gaban kyamara fa babu takarda."

"Ai akwai abin tuƙi," in ji shi. "Duk inda kika ce akwai saura, nan zan tsoma shi a ruwa."

Ta dube shi. Ya lashi yatsa, ya juya iska kamar shafi, ya ci gaba da tafiya.