Ɗigon da Manhaja Ta Share

Kwamfuta mai ƙarfi ɗaya ce tal a sashen nazarin taurari, amma manhajojin sarrafa hoto da ke cikinta sun fi ma'aikatan yawa, don kowa da tasa, kuma kowa gani yake ta ɗan'uwansa shirme ce. Ta Farfesa tsohuwa ce tukuf, sai an rubuta mata umarni ana lallaɓa ta. Ta ɗalibarsa, wadda ake tsokana da Uwar Ɗigo, ga nawa ga yawan sandarewa, sai dai ba ta taɓa abin da ba a ce ta taɓa ba.

Laƙabin ya samo asali ne daga wani ɗigon haske da ɗalibar ta gano a hotunan da madubin hangen nesa ya ɗauko mata. Taurari na nan inda suke a kowane hoto, shi kuwa yana ɗan gusawa. Ta yi imani dutse ne mai yawo a sararin samaniya wanda ba a san da shi ba. In ta nuna wa Farfesa yau, zai nema mata ƙarin lokaci a madubin kafin dutsen ya yi nisa. In ba haka ba, aikin digirinta ya koma farko.

Da hantsi ta shigo daga jinyar mahaifiyarta, ta tarar da abokin ofis ɗinta, Ɗan Kwalisa, yana washe baki a gaban kwamfutar.

"Malama, zo ki ga aiki. Na hutar da ke!"

Hoto ne mai kyan gaske, taurari tar-tar, sama baƙa wuluk. Ta nemi ɗigonta, ba ta gan shi ba.

"Sabuwar manhajata ce," in ji shi. "Maɓalli ɗaya! Ta ɗora hotunanki kan juna, duk abin da bai tsaya wuri ɗaya ba ta ɗauke shi datti, ta share."

"Duk abin da bai tsaya wuri ɗaya ba?"

"Ƙwarai kuwa."

"Bawan Allah, tun yaushe kake zaune kusa da ni? Me nake nema a hotunan nan?"

Murmushin ya fara dusashewa. Ta daure ta ce ya buɗo mata hotunan asali. Jiya ta yi niyyar kwafe su, sai aka kira ta asibiti.

Ya sosa ƙeya. "Ai wurin ajiyar ne ya cika. Sai ta tambaye ni ko a goge tsofaffin."

"Ka ce mata me?"

Gogan naka ya dubi takalminsa. "Na ce a goge." Ta rasa ihu za ta yi ko kuka. Da mugunta ya yi mata, da ta san yadda za ta yi da shi, to taimako ne.

Ana haka Farfesa ya turo ƙofa. Ya tsaya ya ƙura wa hoton ido.

"Masha Allah! Wannan a buga shi a rataye a bakin ƙofa. To, 'yata, ina ɗigon namu?"

Ta ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar, daidai wani fili baƙi fes.

"Nan yake, ranka ya daɗe."

Ya gyara tabarau, ya matso, ya daɗe yana dubawa.

"Ban ga komai ba. Ba zan roƙi madubi a kan abin da babu shi ba."

Har ya kai ƙofa ya waiwayo wajen Ɗan Kwalisa.

"Kai kuma, in ka samu sarari, ka zo ka saka min manhajar nan a tawa kwamfutar."