Yadda Tsoho Pyo Ya Zama Mai Bin Doka

Tun da na san Tsoho Pyo bai taɓa tsayawa jiran danja ba kafin ya tsallaka titi. Sai ga shi rana ɗaya ya zama mai tsoron doka, duk saboda wani ɗan jan akwatin waƙa da bai fi tafin hannu ba.

Ɗansa Jihun ne ya saya masa ranar girmama iyaye, maƙil da tsofaffin waƙoƙi. Tun daga nan tsohon yake rataye shi a wuya, ya hau dutsen Apsan da shi, ya sauko da shi, har banɗaki tare suke shiga. Ni da muke ƙofa da ƙofa na ji jiki, balle matarsa, Yaya Boksun. Ranar da shugabar benenmu ta kawo mata ƙorafin ƙarar a gaban mutane, Yaya Boksun ta rantse sai ta sayar da akwatin a kasuwar gwanjon da muke ci a farfajiya ranar Asabar.

Da farko ya ce ai kyautar ɗa ba a sayar da ita. Ta buga wa Jihun waya, shi kuwa ya ce a sayar, har da godiya. Sai tsohon ya nufi ɗakin hutun dattawa ya dawo da hukunci. Wai wani da ya taɓa gadin kotu ya ce akwatin dai naka ne, amma waƙoƙin na masu su ne, duk wanda ya haɗa ya sayar sai ya ga 'yan sanda.

"Ni ba don kaina ba," in ji shi, yana shafa akwatin. "Ke nake jiye wa. Da shekarunki a ce kina cin shinkafar gidan yari?"

"Baban Jihun, yaushe ka fara tausayina haka?"

Ya ce ai ya daɗe, ita ce ba ta lura.

Yaya Boksun ta zo ta tambaye ni ko maganar gaskiya ce. Ni ban san doka ba, abin da na sani shi ne na gaji da rasa barcin rana. Na ce tunda waƙoƙin ne matsala, a goge su mana a sayar da akwatin.

Ranar Asabar tsohon yana can gidan wankan unguwa yana jiƙa ƙasusuwansa, ta kai wa mai gyaran waya akwatin ya share komai tas. Wata mai sayar da awara ta saya don ta riƙa jin karatun haikali. Da ya dawo ya tarar da ƙusar bangon da ya rataye akwatin ba komai, bai yi faɗa ba. Ya tambaya ko an goge kafin a sayar, aka ce an goge.

"To, an bi doka," ya ce, ya shige ɗaki.

Bene ya yi tsit, kowa ya ji daɗi. Amma tsohon ya daina hawan dutse. Wuni yake yi a bakin taga, shayin sha'irinsa yana hucewa a gabansa. Gaskiya ya ba ni tausayi, ita kuwa Yaya Boksun sai faɗa take da tukwane ba dalili.

Wata rana da la'asar muna kicin ɗinta muna barbaɗa wa kabeji gishiri, sai muka ji ya ɗauko waƙa daga falo, da murya kamar ƙyauren da ya yi tsatsa. Waƙar wani ce da jirgin ruwa ya tafi ya bar shi a tasha. Ya kai tsakiya ya maƙale. Ya koma farko, ya sake maƙalewa a wuri guda.

Yaya Boksun ba ta ko juyo ba. Hannunta cikin kwanon kabeji, ta ɗora daga inda ya tsaya, ta kai baitin har ƙarshe, har da karkarwar muryar nan da mawaƙin yake yi.

Tsohon ya leƙo bakin ƙofa. "Ashe kina saurara."

"Ina da zaɓi ne?" Ta goge ido da bayan hannu. "Zo ka zauna. Wacce ce take biye da ita?"