Ƙafar Mama da Sabon Keke

Auta bai yi da mugun nufi ba, sai dai shi mutum ne da ba ya shawara da kowa in ya ga zai burge. Ranar da mahaifiyarsa ta tafi asibiti duba ƙanwarta, ya kira ɗan gwangwan ya ɗauke tsohon keken ɗinkinta, ya girka sabo mai lantarki a gurbinsa. Har da goge shi da hannun riga, yana jiran yabo.

Shekara arba'in Mama tana taka wancan keken, kuma ya bar mata shaida a jiki. Ƙwaurinta na dama ya fi na hagu kauri, wuyanta ya karkata wajen allura, haƙorinta na gaba ya ɗan zaizaye inda take tsinke zare. Ko abinci take ci, ƙafar nan tana lilo a ƙarƙashin kujera. Auta ya ce hutar da ita zai yi, amma gaskiyar magana kunyar lilon yake ji a gaban baƙi.

Da ta dawo ta daɗe tsaye tana kallon sabon keken.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. Ba ta tambayi inda tsohon yake ba.

Shi sabon keke so yake a danna shi a hankali, ƙafa ta tsaya cak. Ƙafar Mama kuwa ba ta san tsayawa ba. In ta danna sai keken ya zabura, in diddige ya koma sai keken ya mutu, ɗinki ya fito a karkace kamar na 'yar koyo. Cikin kwana goma ta ɓata yadin mutum uku, tana ta warware ɗinkin.

Hankalin Auta ya tashi, ya garzaya wajen ɗan gwangwan don ya karɓo tsohon keken.

"Ai ka makara, yallaɓai," in ji mutumin. "Tun makon jiya aka farfasa shi."

Da ya koma gida sai ya tarar da wata malamar makaranta a ɗakin ɗinki, wadda Mama ta shekara ashirin tana yi mata kaya. Mama na ninke yadinta tana mayar mata a leda.

"Ki yi haƙuri, 'yata, ki kai wa wani tela. Idona ne ya gaji, na daina ɗinki."

Auta ya daskare a bakin ƙofa. Da safen nan a gabansa ta zura zare a allura karo ɗaya, ba tabarau. Laifinsa take ɗora wa idonta, ya kuma san kalma ɗaya daga bakinsa za ta wanke ta.

Malamar ta juyo ta gan shi, ta yi murmushi.

"Kai ne ka saya mata keken nan? Sannu da ƙoƙari. Samun ɗa irinka sai an tona."

Ya dubi Mama, ta sunkuyar da kai tana ɗaure bakin ledar.

"Yauwa, na gode," ya ce.