Gadar Baba Barau

Duk baƙon da ya zo daga gida, sai mutanenmu na garin Manassas, nan ƙasar waje, sun kai shi gadar Baba Barau ya ɗauki hoto. Wata 'yar gadar ƙafa ce a wani gari a bakin ruwan Chesapeake, 'yan makaranta ne ke bi ta kai. Baba Barau, aminin mahaifina, shi ya zana ta shekara ashirin da suka wuce, shi kuma ya sama mini aikin duba lafiyar gadoji. Sai ga shi bana an ce ni Hidaya ce zan duba ta. Na ji daɗi, kamar yadda ake jin daɗin ciwon haƙori.

Ƙarfen gadar irin nan ne da ba a yi masa fenti. Da gangan ake barinsa ya yi tsatsa, tsatsar ta kame ta zama riga, ta kare na ciki. Dabara ce mai kyau, in a Gusau ne. A bakin ruwan gishiri kuwa, iska ke kwaso gishirin ta shafa wa ƙarfen, ya riƙe laima, tsatsar ba ta kamewa sai ci. Da na shiga ƙarƙashin gadar na ƙwanƙwasa da guduma, ɓawo ya dinga zubo mini a ka kamar ƙanzon tukunya.

Maganar a fili take: a rufe ta. Amma wai ni 'yar gidan mutunci, ta yaya zan sa hannu a takardar da za ta kunyata dattijo ban fara sanar da shi ba?

Lahadin farko na je, na durƙusa, na tambayi lafiyar gwiwarsa, na ci tuwo, na dawo. Ta biyu na kai maganar har kan yanayin iska, ya ce lallai bana akwai laima, muka yi sallama. Digiri biyu gare ni, jama'a, amma ko kalmar tsatsa ta gagari bakina. Haushin kaina ya ishe ni.

Lahadi ta uku na daure na faɗa masa komai, ina kallon kafet. Na shirya wa faɗa, na shirya wa a kira mahaifina a Zariya.

Ya tambayi kaurin ƙarfen da ya rage. Na faɗa. Ya tambayi ranar da na auna, na faɗa.

"Sati uku ke nan," in ji shi. "Kin sa hannu?"

"Na ce sai na fara gaishe ka, Baba."

Ya cire tabarau ya dube ni.

"Kuskurena ne, zan ɗauka. Amma yaran da suka bi ta kanta sati ukun nan, su wa ya je ya gaishe da iyayensu?"