Alwala a Bayan Ƙofa

Ranar da Stella ta miƙo mini ɗan tsinken gwajin cikin nan da layi biyu jajaye a jikinsa, ban yi murna ba. Gabana ne ya faɗi. Stella nas ce, 'yar ƙabilar Ibo, shekara biyar ke nan tana haya a ɗakin da ke kusa da zaure a gidan su mijina, nan Kurmin Sarki. Ita ta riƙe hannuna a ɓarina na farko, ita ce kuma a na biyu.

"Ah ah, Mas'uda, you no go smile?" in ji ta. "Sati shida ne wannan. Ka ji ni da kyau, ba daka, ba ɗaukar ruwa, ba maganin gargajiya. Ko na ciwon kai ne, sai ka tambaye ni."

Duk daɗewarta a Suleja, Stella ba ta daina ce wa mace "ka" ba, mun gaji da gyara mun bar ta. Na ce mata na ji, na kuma roƙe ta don girman Allah kada ta faɗa wa kowa.

Dalilina shi ne Inna, mahaifiyar mijina Ɗanlami. Ba muguwar suruka ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Ƙaunarta ce ta fi ƙarfina. Cikina na farko ko sati bakwai bai cika ba labari ya kai Sabon Wuse wurin ƙannenta, har aka aiko mini da zanen goyo. A sati na goma ya zube. Na biyu ma haka, a sati na tara. Kuma kowane karo sai gida ya cika da mata 'yan jaje, ina kwance ina fama da marata, suna zaune a kaina suna rabon laifi. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce sanyi ne, wata ta ce ai dole, mace kullum tana kan acaɓa zuwa makaranta. Zubewar da zafi, amma wallahi zaman matan nan ya fi ci mini rai. Shi ya sa na ce wa Ɗanlami wannan karon bakinmu alaikum sai mun wuce sati goma sha biyu. Ya amince ba musu. Shi nasa mai sauƙi ne, direban motar haya ne tsakanin Suleja da Abuja, da an idar da asuba ya fice, sai magariba. Ni ce mai wuni a gaban Inna.

Ɓoye ciki a gidan yawa aiki ne. Warin daddawa ya zama abokin gabana. In Stella ta ɗora suyar kifi sai in shige ɗaki in toshe hanci da gefen zani. Na koyi yin amai ba ƙara, cikin leda, in ƙulle in tura cikin jakata in yar a hanyar makaranta. A aji ina koya wa 'yan aji uku lissafi barci yana fizgata a tsaye. Kuma a wuni sai in shiga bayi sau goma, ba don fitsari kaɗai ba, don in duba ko akwai jini. In na ga babu sai in sami natsuwar rabin awa, daga nan tsoron ya dawo sabo.

Duk wannan da sauƙi. Babbar matsalar buta ce. Famfonmu ɗaya ne a tsakar gida, butoci a jere a gindinsa, tabarmar Inna kuma tana ƙarƙashin mangwaro daidai inda ba abin da zai wuce mata. Inna ba ta yi boko ba, amma kwanakin watan kowace mace a gidan nan suna cikin kanta. In ta ga ba ki ɗauki buta ba da azahar, ta san kina fashin salla. In kwanakinki suka zo kuma ta ga kina ta alwala, to ta san abin da ta sani. Da haka ta gano na farko, da haka ta gano na biyu, ban buɗe baki na faɗa mata ko ɗaya ba.

Da kwanakina suka zo, sai na yi dabara. Na daina ɗaukar buta. Na ajiye robar wanki a bayan ƙofar ɗakina da gorar ruwa, in an kira salla in saki labule, in tsuguna in yi alwala a hankali kada ruwa ya yi ƙara, in yi sallata tsakanin gado da bango. Daga nan in fito tsakar gida in zauna ina tsintar shinkafa kamar wadda salla ba ta hau kanta ba. Abin ya dame ni ƙwarai. Ƙarya da salla ba ƙaramin abu ba ne, ina sujada ina neman gafarar abin da zan fita in ci gaba da yi. Amma dabarar ta ci. Ranar farko Inna ta dube ni, ta dubi butoci, ta sunkuyar da kai kan carbinta. Na ga yadda fuskarta ta faɗa, na ji tausayinta, na kuma ji daɗi.

Kowace safiya Inna ke dama wa gida kunun tsamiya, kuma shi kaɗai ne abin da yake zama a cikina. A rana ta biyu ta kawo mini nawa har ƙofar ɗaki a kofin silba, abin da ba ta saba ba. Na shanye tas. Washegari ma haka. Na ɗan ji wani ɗaci-ɗaci a ƙarshensa, amma a kwanakin nan ko ruwa ɗaci yake mini, ban kawo komai a raina ba.

Rana ta huɗu Asabar ce, ba makaranta. Ta kawo kofin, maimakon ta juya sai ta zauna a bakin ƙofa, tana kallona ina kurɓa. Na sha kamar rabi.

"Shanye, 'yar nan," ta ce. "Yau ne na ƙarshe. Kwana uku aka ce."

Na tsaya da kofin a bakina. "Na ƙarshen me, Inna?"

Ta yi ɗan murmushin wanda ya yi abin kirki a ɓoye. "Magani na sa miki. Tun watan jiya na karɓo wurin wata tsohuwa a Sabon Wuse, na wankin mahaifa ne. Duk wani mataccen jini da ɓarin nan ya bari, zai kore shi ya fito, sai ciki ya sami wurin zama. Ta ja mini kunne, ta ce ba a ba mace sai tana cikin jini, don in da ciki a jikinta, to ba zai tsaya ba. Shi ya sa na yi ta jira sai da na ga kin ajiye buta. Da na faɗa miki ai ba za ki sha ba, ku 'yan boko, shi kuma wancan ya hana a ba ki komai."

Wancan shi ne Ɗanlami. Ɗanta na fari ne, ba ta kama sunansa.

Ban san lokacin da kofin ya suɓuce ba. Kunu ya fallatsa har kan zaninta. Kunnuwana suka toshe, na ji marata ta ɗaure, ko da gaske ne ko tsoro ne ban sani ba har yau. Ga kunya, ga firgici. Shekara huɗu ina gidan nan, ban taɓa furta kalmar ciki a gaban Inna ba.

"Lafiya?" ta ce. "Ɗaci ne? Ai daman..."

"Inna, ba fashin salla nake ba."

Ta zuba mini ido.

"Ina salla. A ɗaki nake yi. Ga robar can a bayan ƙofa."

Ta leƙa. Ta ga roba, ta ga gora, ta ga dardumar da na naɗe a gefen gado. Na ga lissafin yana haɗuwa a fuskarta, kuma ba na fatan in sake ganin fuskar tsohuwa ta yi abin da tata ta yi a lokacin. Ta dafe ƙirji, ta ce innalillahi sau biyu, na ukun bai fito ba. Sai ta miƙe, matar da sai ta dafa bango take tashi, ta ruga tsakar gida ba ɗankwali.

"Sitela! Sitela! Fito na kashe shi!"

Stella ta fito da kumfar wanki a hannu. Da ta fahimci abin da ya faru ba ta tsaya faɗa ba. Ta tambaye ni ko na ga jini, na ce ban duba ba tun asuba. Ta ce in shiga in duba. Na shiga bayi. Akwai ɗan ɗigo, ruwan ƙasa, bai fi ƙwayar gero uku ba. Na tsaya ina kallonsa, na ji kamar in zauna a nan kada in fito.

"Mama, ina sauran maganin?" Stella ta tambayi Inna. "Kawo shi duka, doctor zai so ya gani. Mas'uda, sa hijabi, mu tafi."

A Keke Napep muka tafi ƙaramin asibitin da Stella take aiki, ni a tsakiya. Duk ramin da muka faɗa sai in riƙe numfashi. Na ciro waya zan kira Ɗanlami, na mayar. Yana kan babban titi da fasinjoji cike da mota, me zan ce masa da ba zai sa ya saki sitiyari ba?

A asibitin aka ce mai na'urar hoton ciki sai ƙarfe sha ɗaya zai iso. Stella ta shiga ciki da ƙullin maganin, ta bar mu a kan benci, ta ce in yi ta shan ruwa kada in yi fitsari. Muka zauna ni da Inna, kowa yana kallon gabansa. Haushinta nake ji, haushin kaina ya fi. Da ban yi wayo ba da ba ta ba ni ba. Ni na buɗe mata ƙofa da hannuna, ina ganin na fi kowa dabara.

Can Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Me ya sa kika ɓoye mini?"

A ranar kunya ta riga ta ƙare mini. "Saboda in kin sani kowa ya sani, Inna. In ya zube kuma a cika mini ɗaki ana faɗa mini laifina. Ba zan iya na uku ba."

Tana ta murza bakin mayafinta.

"Ni huɗu suka zube mini kafin mijinki," ta ce. "A lokacinmu ba a faɗa. Ba wanda ya san akwai, don haka ba wanda ya san babu. In ya zube da dare, da safe in ɗaura ɗamara in yi dakan gidan mutum ashirin. Ko sannu ba wanda ya taɓa ce mini. Da na ga naki, sai na ce ke kam ba za ki yi kuka ke kaɗai ba. Ban san ciwo nake ƙara miki ba."

Shekara huɗu ina ganin matar nan a matsayin mai sakin baki, ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Sha ɗaya da kwata Stella ta leƙo ta kira ni. Inna ta biyo mu har ƙofar ɗakin, ta tsaya a nan, ta juya baya. Ba za ta shiga inda matar ɗanta take kwance da ciki a buɗe ba, ko da duniya za ta tashi. Na hau gadon, aka shafa mini wani abu mai sanyi a mara, mutumin ya ɗora na'urarsa yana dannawa yana kallon allo. Bai ce komai ba. Ya matsa hagu, ya matsa dama, ya ƙara dannawa. Na san shirun nan, sau biyu ina jin irinsa. Na rufe ido na fara karanta duk abin da ya zo bakina.

"Madam, buɗe ido ki gani," ya ce.

Ya juyo da allon. Ni ban ga komai ba sai duhu da toka-toka. Ya sa yatsa a kan wani ɗan wuri kamar ƙwayar wake, a tsakiyarsa wani abu yana ƙyaftawa da sauri.

"Zuciyarsa ke nan. Sati takwas da kwana uku. Amma ban ce an tsira ba, tunda kin ga jini. Ki kwanta ki huta, ki dawo bayan sati biyu, in jinin ya ƙaru kuma ki zo ko wane lokaci ne."

Sati biyu. Daidai inda na baya suka tsaya ke nan. Tsoron bai tafi ko'ina ba, ya dai matsa gefe kaɗan, har na iya jan numfashi.

Daga bakin ƙofa, har yanzu bayanta ne a wajenmu, Inna ta yi magana da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba.

"Sitela, yana nan?"

Stella ta buɗe baki za ta amsa, na riƙe mata hannu. Wannan karon ni nake so in faɗa, da bakina.

"Yana nan, Inna. Zuciyarsa tana bugawa."

Sai kawai ta sulale ta zauna a ƙasan siminti, a kan hanyar mutane, ta ja mayafi ta rufe fuska. Kukan da take yi ya fi ƙarfin na ciki ɗaya. Ma'aikata suna raɓawa ta gefenta suna wucewa, Stella ta ce kada wanda ya tashe ta.